Kejin Taran

Da igiyar takalmin Idwal na auna shi,
daga hanci zuwa gindin wutsiya,
don tef ɗin awo ya ɓata tun bara.
Bai tsaya ba. Ya cafke igiyar da haƙora,
kunnuwansa na sharar ƙasa kamar tsummoki biyu.
Na yi ƙulli inda nake zato,
na hau bas zuwa Machynlleth.

Yarinyar kantin, Nerys, ta dubi ƙullin ta yi dariya.
“Sifaniyel ne? Satinsa nawa?”
Na ce tara.
“To ba na yau za ki saya ba, na baɗi.
Wanda zai miƙe a ciki kansa bai taɓa rufi ba,
ya juya, ya kwanta, ya baje ƙafafu.
Ga shamaki, ki tare masa rabi tukuna.
In fili ya yi masa yawa,
nan kusurwa gado, can kusurwa masai.”

Akwai na yadi, mai kyan gani.
Ta girgiza kai, wai haƙoran nono ba su san kunya ba.
Akwai na roba, cikinsa duhu kamar tulu.
Na ɗauki na waya, fam arba'in da biyu,
direba ya taya ni cusa shi bayan kujera.

Ban gaya wa Nerys ba
cewa na tsani sanduna.
Wata huɗu Idwal ya yi a gado mai shinge
a asibitin Aberystwyth.
Kullum in zan tafi sai nas ta ɗaga ƙarfen,
ƙaras,
shi kuma ya raka ni da ido ta tsakani.

Kwana uku kejin na jingine bayan ƙofa, a naɗe.
A kwana ukun nan Taran ya ci ƙafar kujera,
da rabin littafin waƙoƙin coci,
da wayar fitila.
Wayar ce ta sa na haƙura.

Na kafa shi a kicin, inda ɗumin murhu ke kaiwa,
na ɗaure ƙofar a buɗe da waccan igiyar.
Na jefa ɗan cuku ciki. Ya shiga, ya fito a guje.
Na sake jefawa.
Kwanon abincinsa ma can na mayar.
Na cire masa abin wuya kada ya maƙale.
Rufewar farko minti ɗaya ce,
ina tsaye ina ƙirgawa,
hannuna ya fi wutsiyarsa rawa.

Da dare ya yi kuka har na ji a haƙarƙarina.
Na kwana a kujera, yatsu biyu ta cikin waya
yana lasa har barci ya ɗauke shi.
Ƙarfe biyu muka fita cikin yayyafi,
ni da rigar barci da takalmin roba,
ina lallashin ɗan kwikwiyo ya yi fitsari,
tumakin Gethin na kallonmu ta kan katanga.
Ƙarfe biyar ma haka.
Sati biyu muna wannan sintiri.

Ran da iska ta taso daga teku
ta ɗauke wuta, ta yi ta dukan tagogi,
na neme shi ƙarƙashin tebur, babu.
Bayan labule, babu.
Na haska tocila.
Yana ciki, ƙofa a buɗe.
Ya janyo suwaitar Idwal daga kan kujera,
ruwan tokar nan da na kasa bayarwa,
ya dunƙule a kanta,
kunne ɗaya ya rufe masa ido.
Ban karɓe ba.

Jiya na matsar da shamakin da taki guda,
ƙafafunsa sun fara tokarewa.
Yanzu ko ban ce komai ba,
ya ji na kashe rediyo, sai ya shige.
Amma har yau in zan sa sakatar
da yatsa nake tare ta,
a hankali,
kada ta yi ƙara.